Yadda ake tsara gyaran filin golf a Sakkwato ba tare da ciyawa ta ƙone a bazara ba

Kusan duk kwamitin kulob da na gani ya ɗauko maganar gyaran filin golf a wannan yanki namu, da zane yake farawa. Wani mamba zai je Abuja ya buga wasa a filin IBB, ya dawo da hotuna a waya, ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, a zauna a yi ta yabawa, kafin a tashi an yanke shawarar kankare daddalallen yashin da ke kewaye da duk ramukan da ƙwallo ke faɗawa a shuka ciyawa. Ana tara kuɗi, a shuka da damina, watan Agusta fili ya yi kyau a ɗauki hoto. Zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba abin da ya rage sai jar ƙasa da ƙarangiya. Filin da a da ake iya wasa a kansa ya koma wanda ba ya buguwa, kuɗin mambobi kuma sun tafi. Abuja na samun ruwan sama fiye da ninki biyu na wanda muke samu, daminarta kuma ta fi tamu tsawo nesa. Mu a nan daga Yuni zuwa Satumba ne, milimita ɗari shida zuwa ɗari bakwai a shekara. Don haka jerin matakan da zan kawo ya saɓa da yadda aka saba, kuma da gangan na yi hakan.

Mataki na farko, takardu da iyaka. Ba zan daɗe a nan ba. A ɗauko takardar mallakar filin, a kira safiyo mai lasisi ya sake auna shi, ya gano duwatsun iyaka, ya fitar da taswira mai nuna tudu da gangare. Tsofaffin filaye irin waɗannan gari ya cim musu, kuma sau da yawa za a tarar wani ya shigo da katangarsa ko an buɗe hanyar babura ta tsakiyar rami na kaza. A warware wannan da masu unguwa da hukumar filaye tun kafin a kashe ko sisi. Taswirar tudu da gangaren kuwa kada a yi rowar kuɗinta, domin komai na gaba a kanta zai hau.

Mataki na biyu shi ne ruwa, kuma a nan nake so mai karatu ya zauna sosai.

A watannin Maris, Afrilu da Mayu, rana da busasshiyar iska na iya kwashe kusan milimita takwas na ruwa daga ciyawa a kowace rana, wani lokaci ma fiye. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Girin, wato da'irar lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, matsakaicinsa ya kai murabba'in mita 500. Ke nan girin ɗaya na shan lita 4,000 a rana. Ramuka 18 sun tashi lita 72,000. Idan aka haɗa da dandamalan bugun farko da wurin atisaye, an haura lita 100,000, kullum, ba hutu ranar Juma'a ba hutu ranar Sallah. Wanda kuma ya ce har doguwar hanyar ƙwallo daga dandamali zuwa girin yake so ta yi kore, to a ce hekta 12 ce, lissafin ya doshi lita miliyan guda a rana. Ina roƙon kowane ma'ajin kulob ya rubuta waɗannan lambobi da hannunsa a gaban kwamiti kafin a buɗe bakin maganar ciyawa.

Sai a koma kan abin da ake da shi. Yawancin kulob suna da rijiyar burtsatse ɗaya ko biyu, kuma amsar da za ka ji ita ce ai rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Gaskiya ne, domin banɗaki da kicin kawai take ciyarwa. A kira masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi mata gwajin ja: a kunna famfo ya yi ta zuba ba tsayawa na awa 24 aƙalla, idan da hali awa 72, ana auna lita nawa take bayarwa a awa da kuma yadda ruwan ke sauka a cikinta. Wannan gwaji a Afrilu ko farkon Mayu ake yin sa. Wanda aka yi a Satumba ko Oktoba, ƙasa na ƙoshe da ruwan damina, yaudarar kai ce, kuma shi ne kuskuren da na fi ganin ana yi, saboda a lokacin ne sha'awar aikin ke tashi. Idan rijiyar ta ba da, misali, lita 5,000 a awa, kuma da hasken rana take aiki na awa takwas, to lita 40,000 ke nan. Wannan ya ishi girin tara da ɗan ragowa, bai ishi 18 ba. Lissafin ne zai faɗa muku ramuka nawa za ku mayar kore, ba burin shugaban kulob ba.

A ɗebi ruwan kuma a kai ɗakin gwaji a duba gishirinsa da kanwarsa. Akwai masana ƙasa da ruwa a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sai an je nesa ba. Ruwa mai gishiri ba ya kashe ciyawa nan take. A hankali yake taruwa cikin watanni takwas da ba ruwan sama mai wanke shi, har ka fara ganin wani fari-fari a gefen girin da hantsi, ciyawar na ja baya duk da ana ba ta ruwa. Mai kula da fili zai ƙara ban ruwa yana zaton ƙishi ne, gishirin ya ƙaru. Idan gwaji ya nuna gishiri, akwai nau'in ciyawar fasfalam da ke jure shi, sai dai samunta da wuya kuma tana da tsada.

Akwai wani abu da masu sayar da famfon sola ba za su tuna muku ba. Sola da rana yake jan ruwa, ciyawa kuwa da dare ko da asuba ya kamata ta sha, lokacin da iska ta kwanta kuma rana ba za ta kwashe rabinsa ba. Saboda haka dole a gina ma'ajiya, ko tafki mai shimfiɗar roba ko babban tanki na kankare, wanda zai riƙe ruwan kwana uku zuwa biyar. Famfo zai lalace wata rana, wannan ba makawa, kuma girin da aka aske ƙasa-ƙasa a kan yashi ba ya jure kwanaki ba ruwa a zafin Afrilu. Ni a wurina tafki mai zurfi da ƙaramin baki ya fi mai faɗi, don rana ba ta samun wurin sha da yawa. A kewaye shi da waya saboda yara. Tankar ruwa kuwa a bar ta don ranar gaggawa. Wanda ya gina tsarinsa a kan sayen ruwa a tanka, ya raba lita 100,000 da abin da tanka ɗaya ke ɗauka, ya ninka da kuɗin man yau, zai bar maganar da kansa. Idan filin na kusa da fadamar Gulbin Rima ko Gulbin Sakkwato, ana iya duba yiwuwar janyo ruwa, amma da izinin hukuma da kuma fahimtar manoman rani da suka riga ku a wurin.

Mataki na uku, a yanke abin da za a mayar kore da abin da za a bari. Tsofaffin filayen Arewa da yawa sun shekara da shekaru ana wasa a kan burawun, wato da'irar yashi da aka cuɗa da mai aka daddale, kuma babu wanda ya ce ba golf ba ne. Filin Rayfield na Jos, wanda ake dangantawa da 1913, a kan irinsa ya yi suna. Burawun mai kyau, wanda yaro ke bi da majanyi yana share sawu kafin a buga, ya fi girin da ya mutu rabi. Shawarata a koyaushe ita ce a fara da uku: wurin atisaye, da rami na tara da na 18 da ke gaban ginin kulob. A bar su su ga bazara ɗaya cikakkiya. Idan sun tsallake, a ƙara. Hanyar ƙwallo kuwa a bar ta ga damina, a riƙa yanke ciyawar da Allah ya fitar, a ba 'yan wasa izinin ɗora ƙwallo a kan ɗan tabarmar roba da rani.

Sai yanzu mai zane zai shigo, kuma a nemo wanda ya taɓa zana filin golf ya gina, ba mai zanen gidaje ba. A sa shi ya zagaya filin da ƙafa, da safe da kuma yamma. A Sakkwato bayan sallar asuba ake wasa ko bayan la'asar, don haka ramukan farko kada su fuskanci gabas, na ƙarshe kada su fuskanci yamma, in ba haka ba rana na cikin idon mai bugu, ba ya ganin inda ƙwallonsa ta faɗa. Ya lura da iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tun Nuwamba har Fabrairu, domin rami mai tsawo da ya fuskance ta zai gajiyar da dattawan kulob, su ne kuma ke biyan kuɗin shekara a kan lokaci. Ya nisanta layin bugu daga titi da gidajen maƙwabta. Ya tambayi yaran da ke ɗaukar jaka inda ruwa ke kwanciya a Agusta da inda zaizaya ke ci, sun fi kowane mamba sanin filin. Ramukan yashi kuma, wato tarkon da ake tonawa a cika da yashi don ya kama ƙwallo, a rage su. Hadarin farkon damina na zuwa da guguwa, tana kwashe yashin ta watsa a kan girin, kowace shekara sai an sake saye.

Bishiyoyi: kada a sare babba sai dole. Inuwa a nan dukiya ce, kuma kowane dandamalin bugu na bukatar wurin fakewa da randar ruwan sha. Amma a nisanta dogon yaro daga girin, saiwarsa na bin danshi ta shiga ƙarƙashi ta toshe bututu, ga 'ya'yansa da ke zuba. Gawo na fi so a gefen hanya, shi da ke zubar da ganye da damina ya fitar da rani, daidai lokacin da ake neman inuwarsa.

Wajen gina girin, a fara da kwashe tsohon yashin burawun gaba ɗaya har ƙasan da man ya jiƙa, a fitar da shi daga filin. Baƙin mai ba ya barin saiwa ta kama, kuma na ga inda aka zuba sabuwar ƙasa a kansa don ragin kuɗi, ciyawar ta fito da tabo-tabo har aka sake tonewa. Tsarin da hukumar golf ta Amurka ta fara wallafawa a 1960 shi ne aka fi bi: bututun fitar da ruwa a ƙasa, tazararsu kada ta wuce mita biyar, sai tsakuwa santimita 10, sai cakuɗen yashi da ɗan taki santimita 30. Yashin gulbi muna da shi, amma ba kowanne ba. A zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a samansa, a mayar da tifar. Takin shanu kuwa sai wanda ya ruɓe sarai, ɗanye yana zuwa da irin ƙarangiya da gara. Gangaren wurin da za a huda rami kada ya wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. Ciyawar da ta dace da mu ita ce dangin kiri-kiri, wadda ake kira bamuda, amma nau'in lallausa na girin, ba wadda ake cirowa bakin fadama ba. A kafa mata ƙaramin lambu tun shekara guda kafin aikin, ya fi a yi ta dakon ta a mota daga nesa tana bushewa a hanya.

Lokaci kuma a bi shi haka: tono da shimfiɗa bututu daga Nuwamba zuwa Maris, gwajin famfo da mayayyafa a Mayu, dashe idan ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni ko Yuli. Tana bukatar wata biyu zuwa uku ta rufe ƙasa, kuma da sanyin hunturu ya shigo girmanta ke ja baya, don haka wanda ya dasa a Oktoba ya makara. Shinge ya riga dashe, domin garken awaki ɗaya ya isa ya tumɓuke aikin mako guda da hantsi ɗaya.

Sauran na kwangila ne da kuɗi. A rufe ramuka kaɗan-kaɗan, a yi na wucin gadi a gefe don kada mambobi su watse. Ɗan kwangila a biya shi mataki-mataki, a riƙe wani kaso har ciyawar ta ga ƙarshen Mayu. A sa kuɗin injin aski mai silinda a cikin kasafi tun farko, don girin milimita uku zuwa biyar ake aske shi, kuma injin yankan ciyawar gida ba ya iya wannan. A tabbatar akwai mai wasa wuƙarsa da inda za a samo kayan gyaransa. A tura mai kula da filin ya yi 'yan watanni a wani kulob mai girin a Kaduna ko Abuja kafin dashe, a kuma ƙara masa albashi idan ya dawo, don kada wani kulob ɗin ya ɗauke shi. Kuɗin dizal, taki, maganin gara da albashin masu ban ruwan dare na shekara biyu a ware su a asusu daban, babban taron mambobi ya amince da ƙarin kuɗin shekara a rubuce kafin tifar farko ta shigo.