Yadda za ka shirya wa jarabawar shiga aikin gwamnatin tarayya

Jama'a duk wanda ya cike fom ɗin aikin gwamnatin tarayya yana zaman jiran a kira shi jarabawa, dan Allah kar ya bari sai saƙo ya shigo wayarsa sannan ya fara neman littafi, don sau da yawa tsakanin saƙon da ranar zaman ba wani lokacin kirki ake bayarwa ba. Hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya, wato FCSC, da ke Abuja ita ke ɗaukar manyan ma'aikata daga lebul 7 (matakin albashi ke nan) zuwa sama, mai digirin da ya gama bautar ƙasa kuma a lebul 8 yake farawa. Jarabawar yanzu a kwamfuta ake yi, tambaya ce da amsoshi huɗu ka zaɓi ɗaya, agogo yana tafiya a gefen allo. Kuma wallahi tambayoyin ba wasu masu wuyar a zo a gani ba ne, yawanci abin da ka bari ne tun sakandare, matsalar kawai ka daɗe rabonka da shi ga kuma lokaci a ƙure.

Fara da sanin ƙasa da abubuwan da ke faruwa, don nan ne maki yake a ɓagas amma nan ne mutane suka fi yin sakaci, kowa gani yake ai ɗan Najeriya ne me za a tambaye shi. To a tambaye ka shekarar da jihohi suka zama 30 ka ga yadda kai zai ɗau zafi. Samu ƙaramin littafi ka rubuta da hannunka, kar ka tsaya ɗaukar hoto a waya kana ajiyewa: 1914 Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, 1960 'yancin kai, 1963 jamhuriya, 1967 Gowon ya yi jihohi 12, 1976 Murtala ya mai da su 19, Babangida ya kai su 21 a 1987 sannan 30 a 1991, Abacha ya cika su 36 a 1996. Naira ta shigo a 1973, shekarar da aka kafa hukumar bautar ƙasa ta NYSC ke nan, gwamnati kuma ta tare a Abuja a watan Disamba 1991. Sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774. Sannan ka kula da abin da ya canza kwanan nan, nan ne tsofaffin takardun tambayoyi suke yaudarar mutane: an koma tsohon taken ƙasa a watan Mayu 2024, mafi ƙarancin albashi ya zama N70,000 a shekarar, an ƙirƙiro ma'aikatar kula da kiwo, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance a Janairun 2025, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. Wanda ya haddace amsar da aka buga shekara biyar baya kaga ya haddace kuskure ke nan. Labaran rediyo na safe ko na dare, ka riƙa ji da biro a hannu.

Sai ɓangaren da ni na fi damuwa da shi, wato sanin aikin gwamnatin shi kansa. Mutum yana neman shiga gida amma bai san ina ƙofar take ba, bai san bambancin minista da babban sakatare ba, alhali ministan ɗan siyasa ne yau yana nan gobe ba shi, babban sakatare kuwa ma'aikaci ne da ya taso daga ƙasa kuma shi ke amsa tambaya kan kuɗin ma'aikatar. Nemi kundin ƙa'idojin aikin gwamnati, wanda aka sabunta a 2021, yana nan a intanet kyauta, ba sai ka cinye shi duka ba. Karanta babin ɗaukar aiki, da na ƙarin girma, da na hutu, da na ladabtarwa. A nan za ka ga sabon ma'aikaci sai ya yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, ritaya kuma shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki duk wadda ta riga zuwa, darakta yana lebul 17, za ka kuma gane mene ne takardar tuhuma da yadda ake amsa ta. Daga kundin tsarin mulki na 1999 kuma duba sashe na 14 inda aka yi maganar raba daidai tsakanin jihohi, da sashe na 153 da ya kafa ita kanta FCSC da sauran hukumomi irin su INEC, da babi na 4 na haƙƙin ɗan ƙasa. Ka san me ake nufi da TSA da IPPIS, na farkon asusun bai ɗaya ne na gwamnati, na biyun kuma tsarin biyan albashi. Ko bai fito a kwamfuta ba zai tare ka a intabiyu, kuma in Allah ya sa ka samu aikin da shi za ka rayu.

Turanci kam ba a haddace shi a sati ɗaya. Abin da ke fitowa shi ne karanta gajeren rubutu ka amsa tambaya a kansa, da cike gurbi, da kalmomi masu ma'ana ɗaya ko kishiyoyi, da gano jimlar da ke da kuskure. Tambayoyin Turancin JAMB na baya sun ishe ka gwaji. Dabara ɗaya: fara karanta tambayoyin kafin rubutun, sai ka shiga kana sane da abin da kake nema.

Lissafi shi ke tsorata 'yan'uwanmu da suka karanta fannin zane da harsuna da tarihi, amma ba wani lissafin injiniyoyi ba ne. Kashi cikin ɗari ne, da rabo, da riba da faɗuwa, da jerin lambobi. Misali an ƙara wa mai N70,000 kashi 15 cikin ɗari, kashi 10 ɗinsa shi ne 7,000, rabinsa 3,500, ka haɗa 10,500, albashi ya zama N80,500, ko biro ba ka taɓa ba. Ko a ce ma'aikata 6 sun gama aiki a kwana 10, mutum 4 fa? 6 sau 10 sittin, raba da 4, kwana 15. Ko 2, 6, 12, 20, me ke biye? Tazarar tana tafiya 4, 6, 8, saura 10, amsa 30. Irin waɗannan ka riƙa yin ashirin kullum bayan asuba, ba kalkuleta, har hannu ya faɗa.

Fanninka da ka karanta ma kar ka watsar, in akanta ka nema ko injiniya ko aikin gona koma kan tushen abin da aka koya maka a aji ɗaya da biyu na jami'a, kuma ka karanta sanarwar hukumar da kyau don ita ce za ta faɗi abin da gurbinka ke buƙata.

Wanda waya kawai ya saba da ita, dan Allah ya je kafe ya biya kuɗin awa ɗaya ya zauna gaban kwamfuta ya riƙe maus, ya sa wa kansa tambaya 50 a minti 30. Tambayar da ta cije ka wuce ta ka dawo daga baya, kar ka tsaya kokawa da ita lokaci na tafiya. Sannan maganar masu cewa ka turo kuɗi za su ba ka tambayoyin da za su fito ko su saka sunanka, ka toshe lambarsu kawai, cike fom ɗin nan kyauta ne kuma ba a sayar da gurbi a WhatsApp.

Ana gobe jarabawa ka fitar da takardar gayyata a firinta, ka haɗa da katin shaidarka a leda ɗaya, in cibiyar ba a garinku take ba ka kwana a can, ka je ka ga wurin da idonka tun da yamma don kar da safe ka tsaya tambayar mai adaidaita hanya.