Darasi na 7: Ruwan Jariri Yana Cikin Nono

A Tawa, idan watan Afrilu ya kama, zafi kan haura digiri 40, tulu ma sai an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu kafin ruwansa ya shawu. A irin wannan rana ce kaka ke duban jikanta ɗan kwana ashirin, tausayi ya kama ta, ta ce wa mai jego: "Ke 'yar nan, ɗiga masa ruwa mana. Mu manya ma maƙogwaro ya bushe, balle shi."

Inna ta yi gaskiya, yaro na jin ƙishirwa. Abin da za mu koya yau shi ne inda ruwansa yake. A gidaje da yawa na Adar, ƙasar Tawa, maigida ya tafi bida Abijan ko Libiya, maganar uwar miji ce ke ci a kan jariri, don haka wadda ke da suruka a gida ta karanta mata darasin nan da babbar murya.

Abin da ke cikin nono

Idan aka raba nonon uwa kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne zalla, mai tsabta, wanda bai bi ta guga ko bidon ba. A cikin sauran akwai sukarin nono wajen kashi 7, mai wajen kashi 4, da abin gina jiki wajen kashi 1. Akwai kuma sinadaran kariya da jikin uwa ke ƙerawa daidai da cututtukan da ke yawo a gidanta, su bi nono su shiga hanjin yaro. Wannan kam babu gwangwanin madarar da ke ɗauke da shi, komai tsadarsa.

Nono kuma yana canzawa a zama guda. Wanda ke fara fitowa tsararo ne, yana kashe ƙishi. Yayin da yaro ke ci gaba da tsotso sai mai ya ƙaru, nonon ya yi kauri, shi ne ke ƙosarwa ya sa ƙiba. Saboda haka a bar yaro ya gama da ɓangare guda har ya saki da kansa kafin a juya shi. Ranar zafi zai yi ta neman nono a kai a kai, ya ɗan sha ya saki. Ruwansa ne yake sha. Moɗar da Inna ta ɗebo sai a miƙa wa uwar.

Ruwan rijiya ko na tabki, ko bauri, ko nonon akuya, suna cika ɗan cikin da ya kamata nono ya cika, kuma ta nan zawo ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a sa jariri a nono cikin awa guda bayan haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da kunu da abinci mai laushi har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan mun san ta tun daga Suratul Baƙara, aya ta 233. Cikin wata 6 ɗin farko, ban da nono, abin da ke shiga bakinsa sai ɗigon rigakafi da maganin da aka rubuta a asibiti.

Dakashi

Nonon farko, mai kauri ruwan ɗorawa, shi ne dakashi. Har yanzu akwai gidajen da ake tatse shi a zubar, wai ya daɗe a ƙirji ya lalace. Makiyayi bai taɓa hana ɗan maraƙi dakashi ba, don ya san wanda bai sha ba da wuya ya kai damina. Dakashi ne ya fi kowane nono kariya, yana kuma taimaka wa jariri fitar da baƙin kashinsa na farko. Kaɗan yake fitowa, kuma haka ya dace: ran haihuwa cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin cokali ko ɗan abin da ya ɗara a sha guda. Tsotson nan na farko yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Murɗar da mai jego ke ji a mara lokacin shayarwa alamar hakan ce.

"Nonona ba ya isa"

Wannan kuka ne sajifam, wato ungozomar asibiti, ta fi ji. Nono kamar rijiyar fadama yake, ɗiba ce ke kawo shi. Jariri sabo yana sha sau 8 zuwa 12 a kwana, dare da rana, kuma shan dare ya fi tsinko nono. Idan yana fitsari sau 6 ko fiye a kwana, fitsarin ba ja ba, kuma awon asibiti na hawa, to nono ya isa ko da yana kuka. Uwa ta sha fura da kunu, ta ci wake, gujiya, zogale da abin da gida ya samu. Mai haihuwar fari da ke kunyar ɗan fari a gaban mutane, a ba ta ɗaki ta shayar a ɓoye. Kunya ba ta cika ciki.

A wasu gidaje, idan yaro ya rame, sai a ce nonon uwar na da ƙaiƙai, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa, in ta mutu a ce ga shaida. Ku jefa ta cikin nonon saniya ku gani, can ma nutsewa za ta yi. Yaron da ke ramewa a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin yanki, a duba shi, nono kuma kada a tsayar.

Ciwon kan nono da kumburi

Tsagewar kan nono kusan kullum daga kamun yaro take. Idan kan nonon kaɗai ya cafke, zai yi ta tauna shi. A juyo shi cikinsa ya manne da cikin uwa, a jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan a kawo shi ga nono. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin kewayen ya shige bakinsa. In da zafi, uwa ta sa ɗan ƙaramin yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, a sake. Bayan ya gama ta shafa ɗigon nononta a wurin ta bar shi ya sha iska. Ban da sabulu, ban da toka.

Tsakanin kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa nono kan ciko ya yi tauri kamar duma, har yaro ya kasa kamawa. A ɗora tsumma mai ɗumi na ɗan lokaci, a tatsa kaɗan da hannu: babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a bakin baƙin kewayen, a danna baya wajen ƙirji sannan a matse. Da ya yi laushi sai a ba yaro. Bayan sha, tsumma mai sanyi na rage zogi.

Idan wuri guda ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da sanyi kamar na masassara, nono ya kumbura ke nan. Kada a murza shi da ƙarfi, kada wanzami ya tsaga, kuma kada a hana yaro wannan ɓangaren, don nonon ba ya cutar da shi. Barinsa cike ne ke kai ga ƙurji. Idan aka kwana aka wuni zazzaɓin bai sauka ba, ko wurin ya tara ruwa, a tafi asibiti ranar.

Aiki

Ku samu ƙaramar ƙwarya da ƙwallayen dabino. Daga asubar gobe zuwa asubar jibi, duk shan da jaririn gidanku ya yi a jefa ƙwallo ɗaya. Ku ƙirga, ku rubuta adadin a allo, ku zo da shi. Sannan ku amsa a rubuce: yarinyar da aka haifa ran 10 ga Afrilu, a wane wata za ta fara shan ruwa da kunu?