Yadda Ake Zaɓen Maganin Sauro da Kaska Don Farautar Barewa da Elk a Amurka

Duk wanda ya taɓa zaman dakon barewa a kan bishiya da yammacin Satumba ya san sauro ne ke fara gwada haƙurinsa tun kafin barewa ta iso. Ka hau tun la'asar, ka daidaita baka a cinya, ka yi tsit, sai kukan nan ya soma a bayan kunne. Ka jure cizo na ɗaya, ka jure na biyar, kafin na goma hannu ya tashi da kansa. Wannan ɗan marin da ka kai wa wuyanka ya wadatar. Barewar da ke tafe ta cikin ƙirare za ta tsaya cak, ta huro iska ta hanci, ta ɗaga farar wutsiyarta, ta ba ka baya.

Sai dai maharbi yana tsaka mai wuya. Barewa da hanci take rayuwa, haka ma elk, ƙatuwar barewar nan ta duwatsun yammacin Amurka da Kanada, wadda namijinta kan haura kilo 300, ya ɗara gwankinmu girma. Don tsoron kada su shinshino magani, sababbin maharba da yawa sukan shiga daji ba su shafa komai ba. A ganina wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin a can cizon ƙwaro ba ƙaiƙayi kaɗai yake jawowa ba.

Fara da tambayar ina za ka, kuma a wane wata

Kafin ka taɓa kwalba a kanti, ka san abokin gābarka. A wani sashe na jihar Karolina ta Kudu ana buɗe farautar barewa tun 15 ga Agusta, cikin zafi da fadama, inda sauro ke tashi kamar hayaƙi. A arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna kuwa, kaska ce abin tsoro, musamman mai baƙaƙen ƙafafu da ke ɗauke da cutar Laim, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Kanetikat inda aka lura da ita a 1975. Manyan wannan kaska a Oktoba da Nuwamba suke fitowa, daidai tsakiyar lokacin farauta, kuma sanyin safe ba ya kashe su. Rana na ɗan ɗumama, za su hau ciyawa su jira mai wucewa.

Akwai wata kaskar a kudu da gabas, macen tana da ɗigon fari a gadon baya. Cizonta kan sa jikin wasu mutane ya daina karɓar jan nama: mutum ya ci naman sa ko na rago ko na barewa, bayan sa'o'i 2 zuwa 6 jiki ya ɗau ƙaiƙayi da kumburi, wani ma numfashi ya sarƙe. Ka yi tunanin maharbin da ya cika firiza da naman da ya wahala a kai, likita ya ce masa kada ya ƙara ɗanɗanawa.

Mai bin elk a jihar Kolorado ko Montana ko Aidaho lamarinsa daban ne. A Satumba, lokacin da mazan ke kururuwar neman mata, sauro ya kan ragu a saman duwatsu da zarar sanyin farko ya sauka. Abin da ya rage shi ne sauron bakin ƙorama da ƙudaje masu cizo da rana tsaka.

Tufafi kafin fata

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi feshin tufafi na fametirin. A jikin kwalbar za ka ga an rubuta permethrin, da ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. Ba baƙo ba ne a wurinmu, dangin sinadarin da ake tsoma gidan sauro mai magani ne, irin wanda ake raba wa masu juna biyu a asibiti. Bambancinsa da sauran magunguna shi ne ba korar ƙwaro kaɗai yake yi ba, kashe shi yake. Kaska ta hau wando da aka fesa, ta yi tafiyar ɗan taƙi, sai ka ga ta rikice ta faɗo. Abin da ya fi daɗaɗa wa maharbi rai kuma, da zarar ya bushe hancin mutum ba ya jin warinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin fita, ka rataye kayanka a waje inda iska ke kaɗawa: wando, riga, safa, hula, takalmi da jakar goyo. Fesa gaba da baya har yadin ya yi danshi, ba sai ya jiƙe sharkaf ba. Ka fi ba da ƙarfi a ƙafar wando, ƙugu, wuyan riga da bakin hannu, don ta nan kaska ke neman shiga. Bar su su sha iska sa'o'i 2, ko 4 idan garin da laima. Feshi ɗaya yakan kai kimanin mako 6 ko wanki 6. Akwai kuma tufafin da ake sayarwa an riga an sa musu maganin tun daga masana'anta, irin na kamfanin Insect Shield, waɗanda ke jure wanki 70.

Abu uku kada ka yi wasa da su. Ba a shafa shi a fata, kuma ba a fesa shi a tufafin da ke jikin mutum. Yana kashe kyanwa idan ta taɓa shi da danshinsa, don haka a kulle ta har kayan su bushe. Guba ne ga kifi, kada ragowarsa ya gangara rafi.

Sai abin da za ka shafa a inda tufa bai rufe ba

Wuya, kunnuwa, bayan hannu, goshi. A nan zaɓin na tsakanin abu biyu ne.

Na farko shi ne DEET, tsohon hannu. Don sojojin Amurka aka samar da shi a 1946, aka ba jama'a izinin amfani da shi a 1957, kuma har yau da shi ake auna sauran. Lambar da ke jikin kwalba tsawon lokaci take nunawa: mai kashi 10 yakan riƙe kimanin sa'o'i 2, mai kashi 30 kimanin sa'o'i 5, kuma daga kashi 50 zuwa sama ƙarin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Aibinsa ga maharbi biyu ne. Yana da wari mai ƙarfi, sannan yana narkar da roba da fenti. Na taɓa riƙe wata bindiga da mai ita ya shafa DEET ya kama ƙotarta, shatin yatsunsa huɗu na nan a jikin fentin kamar an dangwala a danƙo, ba ya kuma gogewa. Haka yake yi wa murfin agogo, robar madubin hangen nesa da wasu yadudduka na roba.

Na biyu shi ne fikaridin, wanda za ka ga an rubuta picaridin. Kamfanin Bayer ne ya haɗa shi a shekarun 1980, ya shiga kasuwar Amurka a 2005. Mai kashi 20 yakan kai sa'o'i 8 zuwa 12 a kan sauro da kaska, yana kuma taɓukawa sosai a kan ƙudaje masu cizo. Warinsa kaɗan ne, ba ya maiƙo, ba ya cin roba ko tsirkiya. Ni shi nake ba kowane mai baka shawarar ya saya, amma ya nemi wanda ba a ƙara masa turare ba, domin wasu kamfanonin suna zuba masa ƙamshin fure saboda masu zaman shan iska a tsakar gida.

Masu son abin da aka samo daga tsiro sukan ɗauki man turaren lemon yukaliftus. Yana aiki, amma ƙamshinsa na tashi tun daga nesa, kuma ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Munduwar hannu da na'urorin da wai ƙararsu ke korar sauro, bar wa mai kanti kayansa. Duk abin da za ka saya, juya bayan kwalbar ka nemi lambar rajistar hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA.

Wajen shafawa, zuba a tafin hannu ka goga a fuska, ka kauce wa ido da baki, sannan ka wanke tafin kafin ka taɓa makami ko abinci. In za ka shafa man kariyar rana, shi ne farko, maganin ƙwari a kansa.

Na'urar masu zaman dako

Thermacell wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu sosai ba. Ƙaramar kwalbar gas tana ɗumama wani ɗan faifai mai aletirin, sinadarin da aka daɗe ana sawa a igiyar leko, sai tururinsa ya game kewayen da ya kai mita 4 da rabi. Faifai ɗaya sa'o'i 4 yake yi, kwalbar gas sa'o'i 12. Ga mai zama wuri ɗaya a fadama babu kamarta, sai dai ka kunna ta da zarar ka zauna, don tana ɗaukar kusan minti 15 kafin ta kama. Iska mai ƙarfi tana kwashe tururin, ba ta yi wa mai tafiya amfani, kuma babu ruwanta da kaska.

Mai farautar elk ya lura da wannan: mai gas ɗin takan ƙi kamawa a saman da ya haura kimanin mita 2,100 saboda ƙarancin iska, alhali yawancin elk na Kolorado a Satumba suna sama da haka. Gara ka sa ragar rufe fuska a aljihu. Ba ta da nauyi, ba ta da wari, ba ta ƙarewa.

Zancen wari

Maharba sun daɗe suna gardama a kan ko barewa na gudun warin DEET ko tururin Thermacell. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, idan iska ta kai mata warin maganinka, to tare da warin guminka da numfashinka ta kai, kuma waɗannan ne ta fi tsoro. Saboda haka ka riƙe 'yar kwalbar toka ko hoda mara ƙamshi, ka riƙa matsawa kana duban inda ƙurar ta nufa, ka zauna ta yadda iska za ta buso daga wajen dabbar zuwa gare ka. A duwatsu iska na gangarowa ƙasa da asuba da bayan faɗuwar rana, ta juya ta hau sama idan rana ta ɗumama gangaren. Mai bin elk da bai san wannan ba, ko bai shafa komai ba za su ji shi.

Bayan kibiya ta samu

Nan ne mutane ke sakaci. Gawar na fara hucewa, kaskar da ke jikinta za ta saki ta nemi jiki mai ɗumi, kuma kai ne mafi kusa. Sa safar hannu wajen fiɗa, kada ka jefa fatar cikin mota kusa da kayanka. Maganin ƙwari ko ɗigo kada ya taɓa nama. Elk ba ya ɗaukuwa a tafiya ɗaya, sai an yi ta sawu, saboda haka a zuba naman a buhunan yadi masu shan iska a rataye a inuwa. Wasu maharban sukan barbaɗa garin masoro a kai don ƙuda da rina.

Da ka isa gida, jefa busassun tufafin cikin injin busar da kaya a kan zafi mai ƙarfi na minti 10, wanki da ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi ba ya kashe kaska. Yi wanka cikin sa'o'i 2, ka duba hammata, cibiya, matsematsi, bayan gwiwa, bayan kunne da cikin gashi. Ƙananansu ba su wuce ƙwayar riɗi ba. In ka ga ta kafe, kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe a hankali, ban da ƙonawa da ashana ko shafa mata man fetur, sannan ka wanke wurin da sabulu. Mafi yawan lokuta sai ta wuce sa'o'i 24 a maƙale kafin ta sa wa mutum cutar Laim. Rubuta ranar da ka cire ta. Idan cikin wata guda ka ga jan tabo yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi sun taso, je wurin likita ka gaya masa ranar da kuma dajin da ka shiga.