Kafin ka biya kuɗin PS4 na hannu

'Yan uwa, mai shirin sayen PS4 na hannu (wato PlayStation 4, na'urar wasan bidiyo) a kasuwar Banex da ke Wuse 2 a Abuja, kada ya fitar da ko sisi sai an kunna masa a shagon. Ka ce a saka wasa mai nauyi irin God of War na 2018, ka buga kamar minti 20. In fankar ciki ta fara ruri kamar janareta, galibi ƙura ce ta toshe ta, sai ka nemi ragi. Ka kuma ajiye pad ɗin (abin da ake riƙewa a sarrafa wasan) a tebur ka zuba ido. In Kratos, jarumin wasan, yana tafiya shi kaɗai, sandar hagu ta pad ɗin ta gaji, a canza maka wani.