Kurakuran da masu fara shan maganin baifola suke ta maimaitawa

Shekara tara ke nan ina shan litiyam, kuma duk bayan wata uku ina zaune a kan benci a sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa da ke Shika, ina jiran a kira sunana. A nan nake ganin sababbin zuwa. An faɗa musu sunan ciwon, baifola, an rubuta musu magani, sun tafi da fara'a. Bayan wata shida ko bakwai sai in ga an dawo da wasunsu, ƙane na riƙe da hannun dama, uwa na biye tana share hawaye da gefen mayafi. In na tambaya, amsar ba ta cika canzawa ba: "Ai ya ji sauƙi ne ya ajiye maganin." Na gaji da faɗa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta. Ni ba likita ba ne, jiki ne ya gaya mini.

Da wannan ajiye maganin zan fara, don shi ya cinye mini shago. Ciwon nan fuska biyu gare shi. Akwai lokacin da abin yake tashi, barci ya gudu, baki ya ƙi rufuwa, kuɗi su zama kamar ganye, mutum ya ji ba wanda ya kai shi basira. Akwai kuma lokacin faɗawa ramin damuwa, ko wanka ya gagara. Maganin ba ya tumɓuke ciwon, riƙe shi yake yi, kamar yadda maganin hawan jini yake riƙe jini. Lafiyar da kake ji bayan wata huɗu aikin ƙwayar ce, ba shaidar cewa ciwon ya tafi ba.

Ni na yi shekara guda garau. Sai wani kawuna, da kyakkyawar niyya, ya ce mini: "Ɗana, kai da Allah ya ba ka lafiya, me za ka yi da ƙwayar nan? Za ta bi maka jiki." Dama rawar hannu da yawan fitsari sun dame ni, sai maganar ta zo daidai da son raina. Rana ɗaya na daina. Makonnin farko na ji wani irin ƙarfi har nake gode wa kawu. Kafin wata biyu barcina ya koma awa uku. Na ɗauko kayan yadi bashi har wuri uku, na kama shago na biyu a Sabon Gari ba tare da na san abin da zan zuba a ciki ba, na sayar da filin da na gada a ƙasa da rabin kuɗinsa saboda ina gaggawar wani ciniki da a kaina kawai yake. Maiɗakina ta kwashi yara ta koma gidansu a Tudun Wada, kuma ban ga laifinta ba. Mako uku na yi a kwance a asibiti, shekara huɗu ina biyan bashi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, yanke litiyam farat ɗaya yana dawo da ciwon da sauri fiye da janye shi a hankali, kuma haɗarin mutum ya hallaka kansa yana ƙaruwa a watannin da suka biyo baya. Ko likita ne ya ga ya kamata a daina, rage shi yake yi kaɗan-kaɗan, aƙalla cikin mako huɗu, wani lokaci har wata uku. To kai wane ne da za ka yanke a dare ɗaya don hannunka na rawa? Koma ka faɗa wa likita. Ana rage awo, ana sauya lokacin sha, ana canza maganin gaba ɗaya.

Dabarata yanzu ita ce ƙaramin littafi a gefen katifa. Kowace safiya ina rubuta awa nawa na yi barci. In na yi dare biyu a jere ƙasa da awa biyar kuma ban ji gajiya ba, katin cirar kuɗina yana komawa hannun yayata a ranar, kuma ba na jiran ranar ganin likita ta zo. Mun yi wannan alkawari da ita ina cikin hankalina, na ce mata: "Yaya, ko na zage ki kada ki ba ni."

Kuskure na biyu ya kusa kai ni kabari, kuma shi ne wanda ba a cika yi wa mutane bayaninsa ba. Litiyam, wanda wani likita ɗan Ostareliya mai suna John Cade ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan wannan ciwo a 1949, magani ne mai ƙunƙuntar iyaka. Awon da ake so a gani a jini yana tsakanin 0.6 da 1.0 ga yawancin mutane, in ya haura 1.5 ya fara zama guba. Ƙoda ce take fitar da shi, saboda haka duk abin da ya ƙafar da ruwan jiki ko ya takura ƙoda yana tara shi. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin Zariya na watan Afrilu da ko inuwa ba ta ceto. Na ɗauki azumi ban shawarci kowa ba. Ciwon baya ya kama ni, na shiga kemis aka ba ni daikulofinak, ban ce ina shan litiyam ba saboda kunya, shi ma mai kemis bai tambaya ba. Kwana biyar ina sha. Sai amai da gudawa, hannu na karkarwa har kofi ya gagare ni, harshe ya yi nauyi, ina tafiya ina tangaɗi. Maƙwabta suka ce iska ce. Allah ya sa yayata ta ƙi, ta sa ni a Keke Napep zuwa asibiti, aka yi ta ɗura mini ruwa kwana uku.

Don Allah ku ji wannan da kyau. Mai shan litiyam ba ya shan daikulofinak ko ibufurofin ko 'yan'uwansu sai da sanin likita, farasitamol ya ishe shi. Wasu magungunan hawan jini ma, musamman masu sa fitsari da lisinofiril, suna tara shi a jini. Kada a rage gishiri a abinci kwatsam. In amai ko gudawa ya kama ka, wannan lokaci ne da za ka dakata da ƙwayar ka nufi asibiti a ranar. Maganar azumi kuwa, a tambayi likita tun Sha'aban. Wani za a gyara masa lokacin sha ya yi azuminsa lafiya, wani za a ce ya ajiye. Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, kai kuma kana jin kunyar 'yan unguwa su gan ka da ruwa.

Gwajin jini ba ɓarnar kuɗi ba ne. Ana yin na farko wajen mako guda da farawa, kuma awa 12 bayan ƙwayar ƙarshe ake ɗibar jinin. Wanda ya sha da safe ya je aka ɗiba da hantsi ya zubar da kuɗinsa, don sakamakon zai yi sama ba gaira ba dalili. Ni bayan sallar isha'i nake sha, jini kuma da ƙarfe takwas na safe. Duk wata shida a duba ƙoda da tayirod ɗin maƙogwaro.

'Yan'uwa mata, ga naku, kuma raina yana ɓaci a kansa. Epilim, wani maganin baifola ban da litiyam, yana da haɗari ga ɗan tayi: wajen ɗaya cikin goma na jariran da aka yi cikinsu uwa na shan sa ana haifarsu da nakasa, wasu da yawa kuma suna samun matsalar koyo. Na ga amarya a kan bencin nan da ta ɓoye wa likita cewa an sa ranar aurenta. Ki faɗa masa tun ranar farko. In kuma cikin ya riga ya shiga, kada ki yanke da kanki, ki je asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Tegretol kuma, wanda shi ma ake bayarwa a kan ciwon nan, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

Sauran a taƙaice. Wanda aka ba lamotirijin, shi ma maganin baifola ne, ya ga ƙuraje ko bakinsa ya fashe, asibiti a ranar, kuma kada ya ƙara awo don ya ga ana tafiyar hawainiya, da gangan ake yi. In ka manta ƙwayar jiya, kada ka haɗa biyu yau. Kada ka ari maganin damuwa irin amitiriftilin wajen aboki, shi kaɗai yana iya tayar da ciwon sama. Taramol da wiwi da kwana hira a majalisa suna rushe duk aikin maganin. Olanzafin, wani maganin ciwon nan, yana buɗe ciki, a riƙa hawa sikeli ana duba suga. Ruƙiyya da addu'a ina yin su kullum, amma duk malamin da ya ce sai na zubar da ƙwaya kafin ya yi mini addu'a, na bar zuwa wurinsa.

Kada kuma ka bari sai ƙwayar ƙarshe ta rage. Ba kowane kemis ne yake ajiye litiyam ba, na taɓa zagaye Samaru da Sabon Gari ban samu ba, sai Kaduna aka aiko mini da shi a mota. Tun daga ranar, da zarar na ƙirga saura goma a kwalba nake fita nema, kuma a aljihuna akwai 'yar takarda da sunan maganin, awonsa, da lambar yayata.