Kafin ka ce a zuba maka kaya a kwamfutarka

"Oga, a zuba min kaya gaba ɗaya." Wannan ce maganar da na fi ji a shagona, wani ɗan ɗaki a bayan Beirut Road a Kano mai teburi ɗaya da benci da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Mutum ya sayi laftop na gwanjo a layin gaba, ko zama bai yi ba ya miƙo min. Kayan da yake nufi su ne Windows da Office da CorelDRAW da Photoshop, har da waɗanda ba zai taɓa buɗewa ba, duk daga wani had-disk da ke yawo hannu zuwa hannu a kasuwa, ba mai iya gaya maka wanda ya fara loda shi. Ni ma na shekara da shekaru ina zuba wa mutane, ba zan ɓoye ba.

Wata Alhamis dab da azahar wata ɗaliba ta shigo ita da yayanta, idonta ya yi ja. Furojet ɗinta na shekarar ƙarshe, an kai babi na huɗu, ya ƙi buɗuwa. Da na kunna sai na ga kowane fayil ya yi wutsiya mai harafi huɗu a bayan sunansa, har hotunan bikin gidansu, kuma kowace folda da 'yar takarda mai suna _readme.txt. A ciki ana neman dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72.

Na ce wa yayan, "Malam, me ka saka mata a satin nan?" Ya sosa ƙeya. "Wallahi Oga ba komai, Office ne ya ce lokacinsa ya ƙare, na sauko da ɗan abin nan da ake buɗe shi. Sai ya ce a kashe antibairos tukuna." Na ce, "Ka kashe?" Ya ce ya kashe. Ita dai ba ta ce komai ba sai, "Yaya, ai sai da na ce ka bari."

Wannan cutar sunanta STOP ko Djvu, garkuwa da fayiloli take yi ta nemi kuɗin fansa, kuma babbar ƙofar shigarta ita ce manhajar kirak, wato wadda aka fasa makullinta don a yi amfani da ita ba biya. Kamfanin Emsisoft ya fitar da mabuɗinta kyauta a 2019, amma wasu nau'o'in kawai yake buɗewa, na yarinyar nan bai shiga ciki ba. Babi biyu muka tsira da su, waɗanda ta taɓa tura wa malaminta ta imel. Sauran sai da ta sake zama ta rubuta. Ka lura da abu ɗaya a labarin: duk manhajar da ta ce sai ka kori maigadi kafin ta shigo gidanka, ta riga ta gaya maka sana'arta.

To, ga yadda nake yi yanzu, kuma da yawa daga ciki kai ma za ka iya da hannunka.

Tun a wurin saye ake fara gyara. Kada kyan murfi ya ɗauke maka hankali, ana goge shi da mai ya yi ƙyalli. Ka ce a kunna, ka danna madannin Windows, ka rubuta cmd, in baƙin allon nan ya buɗe ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto ya nuna inda ya ajiye shi. A ciki akwai lamba biyu a jere, ƙarfin batirin da aka ƙera shi da shi, da abin da yake iya ɗauka yanzu in ya cika. In ta biyun ba ta kai rabin ta farko ba, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin, komai rantsuwar mai kaya cewa tana yin awa biyar. Sannan ka shafa wurin da ake zagaya yatsa a ƙasan kibod. In ya ɗan ɗago ko ya yi tauri wurin dannawa, batirin da ke ƙarƙashinsa ya kumbura, irin wannan ba a ci gaba da caja shi.

Ka duba lambar furosesa kuma, don yanzu ta zama magana. Ba "Core i5" kaɗai ba, lambar da ke binsa. i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Windows 11 a hukumance daga na takwas yake karɓa, kuma yana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Shi ya sa HP EliteBook 840 G3, da ta cika kasuwar nan kuma mutane ke sonta don juriya, ba ta cikin jerin, amma G5 mai furosesa zubi na takwas tana ciki, haka Dell Latitude 7490 da ThinkPad T480 masu zubi na takwas. In kuɗinka ya kai, ƙara kaɗan ka ɗauki ta takwas.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona min rai, domin jahilcinsa ne ya sa muka daɗe muna cutar kanmu. Mafi yawan laftop ɗin gwanjon nan daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma da halastaccen Windows aka sayar da su tun farko. Tun zamanin Windows 8 masu ƙera kwamfuta suka daina manna lambar lasisi a takarda a ƙasanta, suka koma binne ta a cikin allon injin. Ma'ana lasisin yana jikinta, ko an yi fomatin sau goma. Sai mu zo mu ɗora mata jabu a kan na gaskiya, kamar mai rijiya a tsakar gida yana sayen ruwan kwata.

Abin yi shi ne ka nemi filash mai gig 8 wanda ba komai a ciki, ka shiga shafin Microsoft na ainihi ka sauko da Media Creation Tool, ita za ta haɗa maka filash ɗin girka Windows. Yana cin data, gig biyar zuwa shida, ka bari sai dare in kana da garaɓasar dare. Wurin girkawa in ya tambayi lambar lasisi ka zaɓi cewa ba ka da ita. Sau da yawa ma ba ya tambaya, da kansa yake karanto ta daga allon injin. In ya ba ka zaɓi, ka ɗauki irin wanda ta zo da shi, na ofis galibi Pro ne. Da ka haɗa ta da intanet sai ta kunna lasisinta, ba ka biya kowa sisi ba.

In kuma an riga an zuba maka kuma kana son sanin me ke ciki, danna madannin Windows da R tare, rubuta slmgr /xpr. In ya nuna maka ranar da lasisin zai ƙare, kuma kai ba kwamfutar ma'aikata ce a hannunka ba, to da kirak irin su KMSPico aka buɗe shi, masu sabunta kansu kafin kwana 180 su cika. Ni in na ga haka ba na tsayawa ƙwaƙule-ƙwaƙule, kwashe fayilolin mai ita nake yi in wanke ta tas.

Saura Office da 'yan uwansa. Gaskiya ɗaya ce, farashinsu da dala yake, kuma na san yadda aljihu yake a garin nan. Amma yawancin masu cewa a zuba musu Office, wasiƙa ce da aikin makaranta da ɗan lissafin shago. LibreOffice kyauta ne, halak malak, yana buɗe fayil ɗin Word da Excel, yana kuma ajiyewa a tsarinsu. Wani lokaci yakan ɗan karkatar da teburi ko lambar shafi, saboda haka in za ka kai bugawa ka mayar da aikin PDF tukuna, ka huta da rigima da mai firinta. Word da Excel ɗin ma akwai su kyauta a intanet in kana da asusun Microsoft. Kallon bidiyo VLC, buɗe ƙunshin fayil 7-Zip. Antibairos kuwa kar ka sayi komai, kar kuma ka yarda a saka maka na kirak, wanda shi ne abin dariyar da ya fi kowanne, ɓarawo da rigar ɗan sanda. Wanda ya zo cikin Windows ya isa, in dai ka bar shi a kunne yana sabuntawa.

Inda ba ni da amsa mai daɗi shi ne wurin 'yan zane, masu katin biki da kalanda da fostar siyasa. Duk garin da CorelDRAW ake aiki, mai bugawa fayil ɗin Corel yake tambaya. Cikin na kyauta, Inkscape na iya aikin, GIMP na iya rabin na Photoshop, amma sai ka sake koyo, kuma kwastoma ba ya jira. Maganar halas da haram na bar wa malamai, doka kuwa tana nan, an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a 2023. Shawarata ga wanda sana'ar ke ciyar da shi, ya lissafa lasisi cikin jari kamar yadda yake lissafa janareta. Wanda ya ce shi dai sai kirak, to aƙalla kada ya shiga asusun banki ko imel ko Facebook a kan wannan kwamfutar, don da yawansu kalmar sirri suke kwashewa shiru, sai ka wayi gari ana roƙon kuɗi da sunanka.

Filash ma hanya ce. Ka kai bugu a shagon kwafi kusa da makaranta, ka dawo ka tarar foldodinka sun zama 'yan alamomi masu kibiya. Kar ka danna ko ɗaya, kar kuma ka yi fomatin, fayilolinka suna nan ɓoye su aka yi. Bari antibairos ya bincike filash ɗin tukuna, sannan ka buɗe cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sauya E da harafin da kwamfutarka ta ba filash ɗin. Za su fito. Ka kwashe su, sannan ka yi fomatin. Abin da kuma ba za ka iya jure rasawa ba, ka ajiye shi wuri biyu. Duk mai Gmail yana da gig 15 kyauta a Google Drive. Had-disk na ajiya kuma a zare shi bayan an kwafa, don in yana maƙale cutar garkuwar nan har shi take haɗawa.

Sai ƙura. Wanda bai taɓa buɗe laftop bayan hunturu a Kano ba, bai san abin da take shaƙa ba. Tsakanin fanka da 'yan siraran ƙarafan da iska ke fita, ƙura da zaren bargo suna haɗuwa su yi wani abu kamar audugar katifa, in cire shi da hantsaki ya fito a dunƙule, ja-ja, da siffar wurin. Da wannan toshiyar take shiga zafin Afrilu, lokacin da gari ke haura digiri 40, sai ka ji fanka na kuka, cinya na ƙuna, tana kashe kanta ana tsakiyar aiki. Saboda haka ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ne lokacin wanki, kafin zafi ya kankama.

Ka kashe ta, ka zare caja, ka kwance murfin ƙasa, ka jera sukurorin yadda ka ciro su don ba tsawonsu ɗaya ba. Fara da zare igiyar batir. Ka dafe fankar da yatsa kafin ka hura mata iska, in ka bar bulowa ta juya ta da ƙarfi za ta fara gurnani daga baya. Tsohon burushin haƙori busasshe ya isa ga fukafukan. In ta kai shekara biyu ba a taɓa ba, a ɗaga ƙarfen da ke kan furosesa a goge busasshen man da ke tsakani, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Na taɓa buɗe wadda aka shafa wa man goge baki a wurin, ƙamshin na'ana'a ne ya fara tarbata. In hannunka na rawa ka kawo mana wannan ɓangaren, amma ka tsaya a yi a gabanka. Kuma don Allah a daina ɗora ta a kan katifa ko kafet, ta ƙasa take numfashi. Ko faranti ka kifa ka ɗora ta a kai ya fi.

Wuta kuma, in an ɗauke ka zare cajar daga bango, in an kawo ko an tada inji ka ba shi minti biyu ya daidaita. Wurin sayen caja ka duba bayan tsohuwar, HP da Dell galibi 19.5V ne, Lenovo 20V, kuma wat ɗin sabuwar kada ya gaza na tsohuwar. Caja mara nauyi a hannu, mai arha sosai, ita ke kawo min allunan da suka ƙone.

Labarin da ake ta tambayata a kai shi ne na Windows 10. Microsoft ya tsayar da tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, da wani shirin ƙarin shekara guda na gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Kwamfutarka ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe maka. Haka aka yi da Windows 7 a Janairun 2020, kuma har yau ina ganinsa a shagunan kwafi. Masu kashe sabuntawa don tsimin data su tuna cutar garkuwa ta WannaCry, wadda ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a Mayun 2017, alhali maganinta ya fito tun Maris, ba a dai saka ba ne.

In taka ba ta kai ta hau Windows 11 ba, kar ka yi saurin kai ta wa 'yan gwangwan. Cire tsohon had-disk mai juyawa ka sa SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri, ko mai gig 256 ne, ka ƙara RAM ya kai gig 8, sannan ka gwada Linux Mint, wanda kyauta ne kuma a madadin Windows ake saka shi. Ana iya kunna shi daga filash a zagaya cikinsa ba tare da an goge komai ba, kuma da LibreOffice ɗinsa yake zuwa. Tsohuwar Dell ɗin da ke kan teburina shi ne a kanta, da ita nake buɗe duk filash ɗin da ban yarda da shi ba, da ita kuma yaron shagona ke kallon ƙwallo in na fita sallar la'asar, yana zaton ban sani ba.