Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta farashin tsohuwar motar sulke da sayenta

Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihin sojoji da ke cikin tsohon sansanin Turawa a tsakiyar Kumasi ya san yadda motocin sulken da aka girke a farfajiyarsa suke kama ido, kuma ba abin mamaki ba ne idan mai hali daga cikinmu, musamman wanda ya saba da harkar manyan motoci, ya ji yana son ya mallaki irinsu. Na shafe shekaru ina fiton motoci daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Suame Magazin, unguwar masu gyaran motoci ta Kumasi, kuma a 'yan shekarun nan an tambaye ni wannan magana fiye da sau ɗaya, wani don ya ƙawata harabar masaukin baƙinsa, wani don ya riƙa bayar da ita haya ga masu shirya fim, wani kuwa sha'awar tarihi ce kawai. Tambayar da kowannensu yake farawa da ita ita ce nawa take, alhali ita ce ya kamata ta zo ƙarshe.

Motar da aka fi samu a kasuwa ita ce Ferret, ƙaramar motar leƙen asiri mai sulke da kamfanin Daimler na Ingila ya ƙera daga 1952 zuwa 1971, guda 4,409, kuma a kanta mafi yawan maganata za ta tsaya. Tana da injin fetur na Rolls-Royce samfurin B60 mai silinda shida, nauyinta ya kai kimanin tan huɗu, kuma ƙafafunta huɗu duka suna ja.

Kuskuren da ya fi kowanne cin dukiya shi ne biyan kuɗi kafin a sami izini. Mai saye yana ganin mota ce ta shekara sittin wadda aka cire wa bindiga, saboda haka yana lissafa ta tare da tsofaffin tifofi da taraktoci, amma hukuma ba haka take kallonta ba, a can da kuma nan. A Ingila motocin da aka ƙera domin aikin soja suna cikin jerin kayan yaƙi a ƙarƙashin rukunin ML6, kuma ba a fitar da su sai da lasisin hukumar kula da fitar da irin waɗannan kaya, wadda za ta nemi takardar da ke bayyana wanda motar za ta ƙare a hannunsa da abin da zai yi da ita. Tsufan Ferret ba ya fitar da ita daga wannan jeri. A namu ɓangaren na Ghana kuwa, wajibi ne mutum ya rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da Ma'aikatar Tsaro, ya haɗa da hotuna da lambar motar da bayanin inda za a ajiye ta, ya kuma jira amsa a rubuce, domin alkawarin baki na wani jami'i da aka sani ba zai fitar da kwantena daga Tema ba. Kada kuma a yi mamakin tsaurin hukuma a kan wannan. Dattawanmu suna tune da watan Afrilun 1967, lokacin da ƙananan hafsoshi suka taso daga Ho da motocin sulke na rundunar leƙen asiri suka shigo Accra, yunƙurin juyin mulkin da Janar Kotoka ya rasa ransa a cikinsa. Ƙasar da ta ga wannan ba za ta ɗauki motar sulke a hannun farar hula a matsayin abin wasa ba, kuma ni ina ganin tana da gaskiya. Gyaran wannan kuskure shi ne a rubuta a cikin yarjejeniyar ciniki cewa sayen ya rataya ne a kan samun izinin ƙasashen biyu, kuma idan ɗaya ya faskara za a mayar da kafin alƙalami.

Haka batun bindiga yake. Sau da yawa mai sayarwa zai ce akwai bindigar Browning da aka kashe ta yadda ba za ta sake harbi ba, da takardar shaida daga Birmingham ko Landan, ya ƙara kuɗinta a kan farashi. Wannan takarda dokar Ingila ta gamsar, ba ta Ghana ba. A ce masa ya cire ta, ya kuma cire kuɗinta.

Idan aka zo ga farashi, abin da ya fi ruɗin mutane shi ne ɗaukar kuɗin da aka rubuta a tallar intanet a matsayin darajar mota. Abin da mai kaya ya nema daban, abin da aka sallama daban, kamar yadda kowane ɗan kasuwar Kejetia ya sani, amma da zarar an ga adadi da fam na Ingila sai a manta da wannan ilimi. Motar da ta shekara tana kan talla ba a saya ba tana gaya maka cewa kuɗinta ya yi yawa ko kuma tana da aibin da masu zuwa dubawa suke gani. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne sakamakon gwanjo, inda ake bayyana abin da aka biya a zahiri, kuma a nan ma sai an tuna cewa gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa a kan mai saye bayan an buga guduma. A tattara cinikin da aka kammala guda biyar ko shida na samfuri ɗaya a cikin shekara biyu da suka wuce, a ware masu tafiya da ƙafarsu daga waɗanda sai an ja, sannan a san inda za a fara tayi.

Na ce samfuri ɗaya domin Ferret ba iri ɗaya ba ce. Mark 1 buɗaɗɗiya ce a sama, Mark 2 tana da ƙaramar hasumiya mai juyawa inda bindiga take zama, Mark 4 tana da manyan ƙafafu da birki mafi ƙarfi, kuma kowacce da masu nemanta. Yayarta Dingo, wadda ta yi Yaƙin Duniya na Biyu, takan fi ta tsada saboda wannan tarihi, ko da yake an ƙera ta fiye da guda 6,000. Wanda ya gwada farashin Ferret da na Dingo, ko na BRDM-2 ta Tarayyar Sobiyet da na White M3A1 ta Amurka, yana gwada goro da dabino ne. Tarihi kuwa ana sayar da shi da baki fiye da kima: kusan kowace mota sai a ce ta yi aiki a Saifurus ko Adan ko yaƙin Tekun Fasha na 1991. A nemi hoton farantin ƙarfe mai ɗauke da lambar ƙira da lambar soja, a tuntuɓi gidan tarihin tankokin yaƙi na Bovington, wanda yake ajiye da katunan tarihin motocin sulke na sojan Birtaniya da dama, kuma kada a biya ko sidi ɗaya a kan labarin da ba shi da takarda. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne kayan da ake iya ƙirgawa da hannu, irin su madubin leƙe na direba, da rediyon asali, da jak da sauran kayan aikinta, domin tara su ɗaya bayan ɗaya yana da wuya da tsada.

Inda idon mai saye ya fi yaudararsa shi ne fenti. Jikin Ferret sulke ne da aka yi wa walda ya zama ƙwarya guda, ba ta da shasi, kuma ƙarfe mai wannan kauri ba ya ruɓewa da sauri, saboda haka gwangwanin koren fenti biyu sun isa su mayar da gawa amarya. Tsatsa tana ɓuya ne a akwatunan gefe, da faifan da ke saman tayoyi, da tankin mai, da kuma ƙasan ciki inda ruwan sama yake kwanciya idan an bar ta a waje. Amma ko waɗannan ba su ne abin tsoro ba, domin masu walda a Magazin za su gyara su. Kuɗin yana cikin abin da ke tsakanin inji da ƙafafu.

Motar ba ta da kuloci irin wanda direbobinmu suka sani. Tsakanin inji da giya akwai wani faifai mai cike da mai wanda shi yake miƙa ƙarfi, kuma idan robar da ke tare man ta tsufa ya tsiyaye, faifan yana zafi ƙwarai, motar ta rasa ƙarfi, gyaransa kuma yana bukatar a raba inji da giya. Ita giyar irin ta Wilson ce mai hawa biyar, wadda ake zaɓar giya da hannu tukuna, sannan a taka fedar hagu a saki, a lokacin ne giyar take shiga. Akwai wani hannu dabam na gaba da baya, shi ya sa take da giya biyar a gaba da biyar a baya, domin mai leƙen asiri ya iya janyewa da gudu ba tare da ya juya ba. Wanda ya riƙa danne wannan feda rabi da rabi kamar kuloci yana ƙona maɗauran da ke cikin giyar, kuma motoci da yawa da suka bi ta hannun masu sha'awa marasa sani sun sha wannan azaba. Saboda haka tayar da inji a bidiyo ba gwaji ba ne. Dole a tuƙa ta har ta yi zafi, a shiga kowace giya gaba da baya, a ji ko tana zamewa, sannan a tsaya a leƙa ƙasa a ga abin da ke ɗiga.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana sai ga wanda ya san ƙirarta. Na'urar da ke raba gudu guda ɗaya ce, tsakanin hagu da dama, amma ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya a ɗaure suke da juna. A kan turɓaya ko laka taya takan ɗan zame ta sauke matsin da ya taru, amma a kan kwalta ba ta da inda za ta zame, sai matsin ya taru a cikin sanduna da ƙananan akwatunan haƙora na kowace ƙafa har wani abu ya karye. Idan tayoyin gefe ɗaya ba su yi daidai da juna a kewaye ba, abin yana ninkuwa. A auna kewayen kowace taya da igiya, a duba man da ke cikin cibiyar kowace ƙafa ko akwai garin ƙarfe a ciki, a kuma tambayi shekarun tayoyin, domin na asali masu lamba 9.00 x 16, waɗanda ake iya ci gaba da tafiya a kansu bayan sun fashe, sun yi ƙaranci, kuma tsohuwar taya tana iya nuna zane mai kyau alhali robarta ta bushe. Duk aibin da aka gano a nan a sa masa kuɗi a cire daga tayi, ba a karɓi "ƙaramin gyara ne" daga bakin mai sayarwa ba.

Wannan dubawa ba ta yiwuwa daga Aboabo ta waya. Na san ɗan'uwa da ya tura kafin alƙalami ga wani da ya haɗu da shi a intanet, daga baya ya gano hotunan na motar wani ne da aka kwafa daga tsohuwar talla, kuma har yau kuɗin ba su dawo ba. Cinikin biri a sama ke nan. Wanda ba zai iya zuwa da kansa ba ya ɗauki hayar makanike mai zaman kansa da ya san waɗannan motoci, wanda ba mai sayarwa ne ya kawo shi ba, kuma ƙungiyar masu tsofaffin motocin soja ta Ingila, Military Vehicle Trust, wuri ne da ake fara tambaya.

Bayan an sallama, lissafin bai ƙare ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke gane cewa araha ba ta ado. Faɗin Ferret bai kai mita biyu ba, don haka tana shiga kwantena mai ƙafa 20, amma BRDM-2, wadda farashinta kan yi daɗin ji, faɗinta mita 2.35 ne kuma ta kai tan bakwai, ba ta shiga, sai an nema mata buɗaɗɗen dandamali ko jirgin da ake tuƙa mota a shiga, kuma kuɗin ya bambanta sosai. Kwastan suna lissafa kuɗin fito a kan darajar mota haɗe da kuɗin jirgi da inshora, akwai tarar motocin da suka haura shekara goma, akwai kuɗin ajiya da na jinkirin kwantena da ke ƙaruwa kullum idan takarda ɗaya ta maƙale, ga shi sidi yana iya sauka tsakanin ranar ciniki da ranar biya. A sa wakilin fito mai lasisi ya nemi matsayin kwastan kan rukunin da za a sa motar tun kafin a yi lodi. Daga Tema zuwa Kumasi kuma a kan tirela za ta zo. Tankinta lita 96 ne, kuma yana kai ta kimanin kilomita 300, wato kusan kilomita uku a lita, ban da cewa doguwar kwalta ce ta fi cutar da ita.

Ana kuma ɗauka cewa tun da ta shigo za ta hau titi. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama a 1974, dokokinmu kuma an gina su a kan mota mai sitiyari a hagu, amma direban Ferret a tsakiya yake zaune, yana kallon hanya ta ƴan ƙananan tagogi, kuma ba ya ganin gefensa sosai sai da mutum a sama yana yi masa jagora. A tambayi DVLA, hukumar rajistar motoci ta Ghana, da kamfanin inshora tun da wuri, domin idan amsarsu ita ce a'a, motar ta zama ta ajiya a fili mai katanga, kuma wanda ya san haka tun farko ba zai biya kuɗin mai lafiyayyar giya ba, zai nemi mai kyan jiki kawai a farashi mai sauƙi.

Ina girmama masu gyaran Magazin, kuma na ga sun tayar da injunan da masu su suka fid da rai, sai dai dogaro da cewa za su san yadda za su yi ba tare da shiri ba zalunci ne a kansu da kuma kan motar. Wutarta volt 24 ce, fulogoginta da wayoyinsu a lulluɓe suke domin kada su dami rediyo, notocinta na awon inci ne, kuma ba za a sami kayanta a Magazin ko kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra ba. Abin da ya kamata shi ne a sayi littattafan gyaranta na soja, da robobin mai, da kayan birki da na kafireta, da saitin sifanu na inci, a zuba su cikin kwantena ɗaya da motar, a kuma rubuta su a takardun lasisi da na kwastan. A gargaɗi mai gyara cewa tsofaffin takalman birki da abin da aka naɗe salansa da shi suna iya ƙunsar asbestos, wani abu mai cutar da huhu, kada ya hure ƙurarsu da iska. Idan kuma wani ya ba da shawarar a cire injin Rolls-Royce a dasa na dizal don sauƙin mai, a sani cewa masu tara irin waɗannan motoci asali suke saye, kuma ranar da aka tashi sayarwa abin da za su fara buɗewa shi ne murfin inji su duba lambar da ke jikinsa.